Abin da Ya Shaƙe Babur ɗin Ƙanƙara

Lokacin sanyi ne, irin sanyin Doha da ba ya fasa leɓe, sai dai iska mai laima ta taso daga teku ta shige wa mutum ƙashi. Shekarar da Hadiza ta haifi 'yarta ta biyu ce, mijinta Likita ya yi mini takardu na je wankan jego. Shekarar ta fara mini da daɗi har na riƙa jin tsoronta. Ga ni a hawa na bakwai a unguwar Al Mirqab, ruwan zafi na fitowa daga bango ba tare da na hura itace ba, jaririya lafiya, uwarta lafiya, ga kuma Yayanku a gari ɗaya da ni bayan shekara huɗu ban sa shi a ido ba. Kullum da asuba sai in tsaya a taga ina kallon fitilu ina cewa Allah ka sa ba wani abu ke tafe ba.

Na san abin da ake faɗi a Funtua game da dawowarsa. An ce an kama shi yana yi wa maigidansa asiri. Har ku da kuke ciki ɗaya da shi, na sha ji kuna rage murya idan maganar ta taso. Bai taɓa musawa ba, ya kuma roƙi Hadiza da mijinta su kama bakinsu. To ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina, yau zan sa hannuna ya faɗi abin da bakina ya kasa.

Ɗan farina ne. Kun san ba na kama sunansa, ba na zama in yi doguwar hira da shi. In ina da magana sai in faɗa wa wani ƙaninsa, shi yana gefe yana ji. Haka iyayenmu suka yi, haka muka taras, ban kuma taɓa ganin laifin hakan ba sai a wannan shekarar.

An ɗauke shi direba ne a gidan wani Balarabe, shi ne kafil ɗinsa, wato wanda zamansa a ƙasar yake hannunsa. Da mutumin ya ga yana da hannun gyara, sai ya bar masa duk injinan gidan. Cikinsu akwai wani abu da suke kira babur ɗin ƙanƙara. An ƙera shi ne don ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe hanya, amma samarin can sai su sayo shi su juya shi ya riƙa gudu a kan yashi. Yayanku ne ya juya wannan. Ya cire ƙafafun gaba masu kama da faranti ya sa ƙananan tayoyi, ya ƙara masa lagireto don kada zafi ya kashe shi, ya canja wasu ƙarafa a kuloci. Bayansa kuwa wata doguwar roba ce mai haƙora kamar ta katafila. Ɗan maigidan ne mai hawa a tsere, amma duk gwaji Yayanku ne ke yi.

Ban san haka ba sai ranar da Hadiza ta miƙo mini waya tana dariya.

"Inna, zo ki ga ɗanki ya zama tsuntsu."

Na duba. Tudun yashi ne mai tsayin bene, ga wani abu baƙi yana hawa kamar an harbo shi, ya kai ƙarshe ya rabu da ƙasa, ya tsaya a iska, sannan ya faɗa can baya inda ba a gani. Da ya cire hular kwano sai ga fuskarsa. Na miƙa mata wayar. Ranar ko kunun kanwar da na dama mata ban iya taɓawa ba.

Ina da laya da na taho masa da ita daga gida. Wani malami da mahaifinku ya yarda da shi tun yana raye ne ya rubuta, ta tsari daga ƙarfe da hatsarin hanya, aka ɗinke ta da jar fata. Na ba Hadiza ta ba shi. Washegari ta dawo mini da ita.

"Ya ce a gaya miki ya gode, amma a ƙasar nan ba a wasa da irin wannan. Wai addu'arki ta ishe shi."

Da wani ne cikinku, da na kira shi na ja masa kunne na rataya masa da hannuna. Shi kuwa ba zan iya ba. Sai na ce a raina, tunda mahayi ya ƙi, a ba abin hawan.

Kowace Juma'a yakan baro ɗakinsu na unguwar Najma, inda su shida ke kwana, ya zo cin tuwo da miyar kuka a wurinmu. Wata Juma'a ya zo yana jaye da babur ɗin a bayan mota, don daga nan zai wuce daji da shi. Ta taga na ga ya cire wani soso daga jikinsa, ya wanke, ya shanya a rana, sannan suka tafi masallaci shi da Likita. Na ce wa Hadiza zan sauke shara. Da na isa sai na ga inda ya cire soson akwai rami kamar dunƙulen hannu, ya shiga cikin wani baƙin akwati. Na leƙa, ba komai a ciki, ba mai, ba waya, ba zafi. Na ce wannan ai kamar don ni aka yi shi. Na naɗe layar a tsohon kallabina don kada ta riƙa ƙara a ji, na yi bisimilla, na tura ta iya tsawon hannuna. Suka dawo, ya ci tuwo, ya mayar da sosonsa, ya tafi. Ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Cikin satin nan Hadiza ta riƙa kawo mini labari guntu-guntu. Yaya bai ɗaga waya ba. Yaya ya ce babur ya ƙi gudu. Yaya ya wuni a gareji ko abinci bai ci ba. Zan faɗi gaskiya tunda ita na zauna rubutawa: na ji daɗi. Na ɗauka aikin malam ne ya kama, ya ɗaure wa abin ƙafa. Ban taɓa kawowa a raina cewa kallabi na iya hana ƙarfe gudu ba.

Juma'ar da ta biyo ya zo ba babur, ya rame, faratansa baƙi ƙirin. Ina zaune a bakin ƙofar kicin da jaririya a cinyata, su kuma suna falo.

"Yaya Auwalu, ka ci mana," in ji Hadiza. "Ko tuwon ma sai ka kwance shi ka ga abin da ke ciki?"

"Ke dai bari. Kwana bakwai ke nan ban san ɗanɗanon komai ba."

"Wai me yake yi ne takamaimai?" in ji Likita.

"Bugu ɗaya yake tashi, lafiya lau. Ya ja da kyau. Da allura ta kai rabi, ka ƙara masa wuta, sai ya yi wani gurnani ya zauna. Kamar kana gudu wani ya riƙe maka riga ta baya. Abin da sati biyu da suka wuce yake ƙure maleji."

Ya ajiye cokali ya shiga lissafa musu da yatsu. Ya ce ya fara zargin bel, ya sa sabo, ba canji. Ya koma kan kuloci, ya cire ƙarafan da ya sa ya mayar da na asali, ba canji, ya sake mayar da nasa. Ya zare filogi ya same su baƙi kamar gindin tukunya, ya sa sababbi, zagaye biyu suka sake yin baƙi. Ya juye man tanki kaf ya sayo a wani gidan mai. Ya kwance salansa ya haska ciki da tocila. Har lagireton da ya ƙara ya cire, ya ce ko nauyinsa ne.

"Duk abin da hannuna ya taɓa na bi shi sau biyu," in ji shi. "Dole a cikin canje-canjen da na yi ne, amma na rasa wanne."

Likita ya yi murmushi.

"Mu dai a asibiti, in aka kawo mutum yana haki, maƙogwaro muke fara dubawa kafin komai."

"Likita, ka tsaya a kan mutanenka. Maƙogwaronsa ai shi na fi yarda da shi. Soson iska ni na wanke shi a ƙasan gidan nan, jiya ma na duba shi fes. Bayansa kuwa akwati ne fanko, na bi shi da gam ko'ina don yashi. Me zai shiga?"

"Au, inji ma numfashi yake?" in ji Hadiza.

"Fiye da ke ma. Ta wannan ramin yake shaƙa. Ki ɗora masa tafin hannu a wurin ki ga yadda zai mace miki."

Ban san lokacin da na matse jaririyar ba sai da ta tsala kuka. Na ga falon ya yi mini nisa kamar ina kallonsa ta ƙarshen rijiya. Ashe hanci ne. Hancin abin na toshe da kallabina, ɗana kuma ya kwana bakwai yana tuhumar hannunsa.

Ina cikin wannan hali na ji yana gaya wa Likita cewa kafil ya ba shi zuwa Litinin. In bai gyaru ba zai kawo wani makanike, don ɗansa zai shiga tsere Juma'a mai zuwa.

"Kuma ni na ba shi shawarar duk canjin nan. Yanzu in na gaishe shi ko kallona ba ya yi. Yalla, yalla, yi sauri, shi ke nan."

A nan ne na yi abin da ya fi cusa layar muni. Kalma huɗu ce za ta raba shi da wahalar: ka duba cikin akwatin. Na buɗe baki na ga surukina zaune, na ga ɗan farina zaune, na ji harshena ya yi nauyi. Zan ce na sauka da rana tsaka na sa hannu a kayan mutane kamar ɓarauniya? Na ce bari su tashi in gaya wa Hadiza ta kira shi. Da suka tashi kuma sai wata zuciya ta ce mini, in ya gyaru gobe, jibi yana kan tudun nan. Bari Juma'ar tsere ta wuce tukuna. Na ce wani makanike ma ba zai gano ba, tunda shi da ya san abin ciki da waje bai gano ba. In ya so a yi masa faɗa, faɗa ba ya karya wuya. Ba kunya kaɗai ta rufe mini baki ba, har da son raina, kada wani ya gyara mini wannan bayan ba ni.

Da zai tafi ya durƙusa daga nesa kamar yadda ya saba.

"Inna, a sa mu a addu'a."

"Allah ya rufa asiri," na ce, ina kallon ƙasa.

Ranar Litinin bayan azahar Likita ya dawo gida, lokacin da ba ya dawowa. Bai cire takalmi ba ya kira Hadiza ɗaki. Na ji ta yi salati da ƙarfi. Jim kaɗan ta fito ta tsaya a kaina.

"Inna, kallabin nan naki mai ruwan ƙasa da ɗigon fari, yana ina?"

Ta dubi fuskata. Ta zame ta zauna a ƙasa ta dafe kai.

Ga abin da ya faru, yadda Likita ya ji daga bakin Yayanku. Makaniken da aka kawo bai yi rabin awa ba. Ya ga baƙin filogi, ya ce abin nan iska ce ba ta isarsa, ya sa wuƙa ya yanke gam ɗin ya buɗe akwatin. Sai ga kallabi ya warware rabi, iska ta zuƙe shi ya manne a bakin inji. In ana tafiya a hankali iska na samun gefe ta wuce, in aka ƙara wuta sai ya rufe hanyar. Mutumin ya ɗaga shi yana dariya, sai laya ta faɗo a gaban maigidan da ɗansa. Dariya ta tsaya. Maigidan ya sa aka farke fatar. Suka ga ayoyi, suka ga zanen gidaje-gidaje da haruffa a ciki, suka ga sunan Yayanku da sunan uwarsa. Ni a wurina haka kowace laya take. Su kuwa a wurinsu, zanen nan da sunan uwa alamar sihiri ce, kuma hukuma na kama mutum a kai. Ga shi an same ta a cikin abin da ɗan gidan zai hau.

Maigidan ya tambayi Yayanku wa ya sa. Ya ce shi ne.

Bayan la'asar Yayanku ya shigo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ba fushi, ba hawaye, kamar wanda aka tasa daga barci. Ya ce an karɓe makullai. Ya ce mutumin ya ce gobe zai yanke, ko ofishin 'yan sanda ko jirgin komawa gida. Na yunƙura na ce,

"Ni ce na..."

"Na sani, Inna. Tun kafin a warware shi na gane. Da shi kika raka ni tasha ranar da zan taho."

Ya juya wajen ƙanwarsa, kamar yadda ni nake yi masa, ya yi magana da ita don ni in ji.

"Hadiza, Inna ba ta san komai a kan maganar nan ba. Likita ne ya kawo ta, sunansa ne a takardarta. In aka ce ita ce, har asibitinsa sai maganar ta kai. Ni kaɗai na isa."

Sannan ya ce da murya ƙasa-ƙasa,

"Ranar Juma'a da nake ta lissafi, tana ji?"

Hadiza ta dube ni. Ni kuwa na kawar da kai. Ya gyaɗa kai, ya sa takalmi ya fita. Tambayar nan har yau ban ba shi amsarta da baki ba. To ga ta nan: ina ji, kuma na gane.

Washegari da safe, Likita na shan shayi zai tafi aiki, na fito da mayafina na tsaya a gabansa. Tun da ya auri 'yata ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai ranar.

"Ka kai ni gidan mutumin nan. Ka fassara mini, kada ka rage, kada ka gyara."

Ya san abin da hakan zai iya jawo masa, na ga ya sani. Ya dubi matarsa, ya dubi kofin hannunsa, sannan ya ɗauki makullin mota. Allah ya saka masa.

Aka shigar da mu wani dogon ɗakin baƙi, kujeru jere da bango. Mutumin ya fito, dattijo ne, bai kai ni shekaru ba amma gemunsa ya yi fari. Aka zuba mana gahawa a ɗan ƙaramin kofi, na riƙe ban sha ba. Na faɗi komai: wayar da aka nuna mini, layar da aka dawo mini da ita, soson da aka shanya, ramin, da Juma'ar da na ji na yi shiru. Likita na mayarwa da Larabci. Mutumin ya katse shi ya yi tambaya.

"Wai wace ce Rabi, sunan da ke cikin takardar?"

"Ni ce Rabi."

Ya daɗe yana kallona. Ya tambaye ni ko na san ɗansa ne mai hawan abin. Na ce wallahi ko fuskar ɗansa ban sani ba, nawa nake tsoron ya faɗo. Ya shafa gemu, ya yi wata gajeriyar magana yana kallon ƙofar cikin gida. Likita ya ce wai mahaifiyar ɗan nasa ma in yaron ya fita da abin, ɗaki take shiga ta rufe.

Ya ce ya yarda da ni, ba maganar 'yan sanda. Na fara godiya ya ɗaga hannu. Ya ce amma Yayanku ya dube shi ido da ido ya faɗa masa abin da ba haka ba, kuma matan gidan duk sun ji labari, ba wadda za ta sake shiga motar da yake tuƙi. Zai ba shi haƙƙinsa cikakke da tikitin jirgi.

"Khalas," in ji shi. Wannan ban buƙaci fassara ba, na san magana ta ƙare.

Mun kai ƙofa ya kira Likita ya ƙara wata magana. Wai a gaya wa Yayanku jiya da yamma an fita da babur ɗin, ya yi gudun da bai taɓa yi ba. Duk abin da ya canja daidai ne, ba kuskure ko ɗaya.

Na ce wa Likita ya sauke ni a Najma. Na hau matakala hawa uku ina hutawa, ina bin warin girki da takalman da aka zube a ƙofofi har na sami ɗakin. Abokan kwanansa duk sun tafi aiki. Yana durƙushe gaban akwati yana cusa kaya. Ya ɗago ya gan ni ya miƙe a firgice.

"Inna! Wa ya kawo ki nan?"

Ba Hadiza, ba kowa da zan faɗa wa ya ji, sai ni da shi. Na gaya masa inda na fito, na gaya masa ba 'yan sanda, na gaya masa jirgi ne. Sai na isar masa da saƙon ƙarshe, cewa aikinsa daidai ne, abin ya yi gudun da bai taɓa yi ba.

Ya tsaya da riga a hannu. Na ga idonsa ya ɗan yi haske.

"Nawa ya kai?"

"Ban tambaya ba."

Ya yi wata 'yar dariya, ya juya mini baya yana goge fuska da rigar. Na zauna a bakin katifarsa, na juye kayan da ya cusa, na fara ninke su ɗaya bayan ɗaya.